Kar ka je Shikago ka dawo da akwati kaɗai

Kwana 9 na yi a Shikago ban ga Shikago ba. Na ga falon ɗiyata, na ga talabijin, na ga cikin motar surukina, na kuma ga manyan kantuna uku da aka kai ni in yi wa mutanen gida tsaraba. Kowace safiya ina zaune da ƴar takarda a hannu: wane yana son salula, wance tana son jaka, ƙanena ya aiko da hoton takalmin da yake so har da lambar ƙafa. Na je ne lokacin bakansi, don sunan jikana na biyu, shekaru kaɗan baya, tun biza ba ta koma abin da ta koma yau ba. Da jikata mai shekara 8 ba ta kunyata ni ba, da haka zan dawo Maraɗi, a tambaye ni yaya Amurka, in ce akwai sanyin na'ura da arhar takalmi.

Ranar ta goma ne, muna shan shayi, ta dube ni da Hausarta mai karyewa ta ce: "Kaka, da gaske ƙasarku akwai dinozor mai bakin kada?" Na ce mata: "Amaryata, wa ya gaya miki?" Ta ce ba wanda ya gaya mata, ita ta tono shi da hannunta, ranar da makarantarsu ta kai su bakin tafki. Na dubi uwarta. Ta ce: "Baba, takarda suka kawo na sa hannu, wallahi ban ma karanta inda za su ba."

Ni mushen kimiyya ne, na fi shekara 20 ina riƙe da alli. Washegari na ce ba kanti, a kai ni inda yarinyar nan ta yi tono.

Wurin sunansa Navy Pier, wata doguwar gada ce da ta kutsa cikin tafkin Mishigan, an cika ta da wuraren wasa da na cin abinci. A cikinta akwai gidan tarihi na yara, Chicago Children's Museum. Nan na tarar da ƙwarangwal na wata dabba mai tsawon kusan mita 11, mai dogon baki kamar na kada, da wani farce mai lanƙwasa a babban yatsa. A gefe an yi rami, yara suna durƙushe da burushi suna share ƙasa suna neman ƙashi. An rubuta sunan dabbar: Suchomimus tenerensis. Kalmar ƙarshe ita ta tsayar da ni. Tenere ce, Tenerenmu. A 1997 ne ayarin Paul Sereno, malami a Jami'ar Shikago, ya tono ta a Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, aka sa mata suna a 1998. Kifi take ci, a zamanin da wurin yake cike da koguna, abin da masana suka ƙiyasta ya haura shekara miliyan 100. Wanda ke tsaye a gidan yaran kwaikwayo ne da aka zuba, ainihin ƙasusuwan suna wurin masu bincike.

Ba ita kaɗai ba ce. Daga ƙasar nan tamu ayarin Sereno ya fito da Jobaria, ƙatuwar mai dogon wuya ta wajen Ingal, wadda aka ɗauko sunanta daga wata halitta ta tatsuniyar Buzaye. Ya fito da Nigersaurus, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wadda aka raɗa wa suna a 1999 don girmama ƙasarmu da kuma Philippe Taquet, Bafaranshen da ya riga shi aiki a Gadufawa. A shekara ta 2000 suna neman dinozor suka yi tuntuɓe da Gobero, maƙabartar mutanen da suka zauna bakin wani tafki tun wajen shekara 10,000 da suka wuce, inda aka sami wata mata da yara biyu an binne su suna rungume da juna. Sereno ya sha faɗin cewa ƙasusuwan na Nijar ne kuma gida za su koma. Ina fatan haka, kuma ina ganin haƙƙinmu ne mu riƙa tambaya. Amma abin da ya fi cin raina a ranar daban ne. Yaran da ke cikin ramin nan, baƙi da farare, sun san sunan Tenere. Ni kuwa a ajina na Maraɗi, in na ce Gadufawa, sai a ɗauka sunan wata unguwa ce. Ga shi kuma muna da namu ƙwarangwal ɗin a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, iyaye nawa ne suka taɓa kai ƴaƴansu su tsaya gabansa ban da ranar salla, lokacin da cunkoso ba ya barin a karanta komai?

Na san abin da wani zai ce: Malam, mu da ke fama da kuɗin kaye da alli, ina ruwanmu da yawon Shikago? Gaskiya ne, mafi yawan masu karanta wannan ba za su je ba. Amma kusan kowace zuri'a yau tana da wani a can, ɗalibi, ko direba, ko ɗiya da aure ya kai. Su ne nake wa magana, da iyayen da ke kiransu kowace Lahadi suna cewa "ka zauna ɗaki, kar ka fita, kar ka ci abin da ba ka sani ba". Nasihar daga ƙauna take fitowa, amma tana mayar da yaro fursuna a garin da aka tsara shi kamar makaranta. Na ga ɗalibin da ya shekara biyu a can bai san komai ba sai hanyar aji da hanyar aiki, yana rayuwa kan taliyar leda don tsoron alade. Wannan ba tsoron Allah ba ne kaɗai, akwai rashin tambaya a ciki.

Tsoron ba banza ba ne, kar a ce na ɓoye. Shikago gari ne mai mutum wajen miliyan 2.7, na uku a girma a Amurka, kuma akwai harbe-harbe a wasu unguwanni na kudu da na yamma. Amma abin yana da wurarensa da lokutansa, mazauna garin sun san su, tambaya ake yi. Wanda ya ce ba zai taka kudancin garin ba gaba ɗaya, ya bar jami'ar, ya bar gidan kimiyya, ya bar gidan tarihin baƙar fata, don duk can suke. Sanyi ma gaskiya ne: a watan Janairu ruwa yana daskarewa a titi, iskar tafki tana yanka kunne. Shi ya sa baƙo ya fi dacewa ya zo tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da rana ba ta faɗuwa da wuri.

In kuɗin mutum na gida ɗaya ne tak, ni dai Field Museum zan ce. Tikitin babba ya kai wajen dala 30 ta Amurka, kusan jika 18 ke nan, ba ƙaramin kuɗi ba, amma yini guda ba ya isa a gama shi. Kowa yana rugawa wurin Sue, ƙwarangwal ɗin Tyrannosaurus da aka tono a 1990 a jihar Dakota ta Kudu, wanda gidan ya saya a gwanjo a 1997 kan dala miliyan 8 da ƴan kai. Ya cancanci kallo. Amma ni inda na fi daɗewa shi ne gaban zakuna biyu marasa geza, zakunan Tsavo. A 1898 suka addabi leburorin da ke gina gadar jirgin ƙasa a Kenya, suna shiga tanti da dare suna jan mutane. Baturen da ya harbe su, Patterson, ya ce sun ci mutum 135. Sama da shekara 100 bayan haka, a 2009, masu bincike suka gwada gashin zakunan da ƙashinsu, don abin da dabba ta ci yana barin alama a jikinta, suka ce adadin ya fi kusa da 35. Ga darasi sukutum ga duk mai koyarwa: mai labari ya faɗi nasa, aka yarda shekara da shekaru, sannan wani ya zo da ma'auni. Na kwashe wannan na zuba wa ƴan ajina, kuma sun fi riƙe shi da duk abin da na taɓa rubuta musu kan hanyar binciken kimiyya.

Kusa da Field, tafiyar ƙafa, akwai gidan kifaye na Shedd da gidan kallon taurari na Adler, dukansu an buɗe su a 1930. Kifayen suna burge yara, amma tikitinsu ya fi tsada. A Adler akwai abin da ban yi zato ba: faya-fayan tagulla da malaman ƙasashen Musulmi suka ƙera ɗaruruwan shekaru baya, waɗanda Larabawa ke kira usɗurlabi, ana auna tsayin rana da taurari da su don sanin lokacin salla da alƙibla. Ko mutum bai shiga ba, ya je ya tsaya bayan ginin ya waiwaya. Daga nan ake ganin dogayen benayen garin jere a bakin ruwa, kyauta.

Gidan kimiyya da masana'antu, Museum of Science and Industry, yana kudu, a unguwar Hyde Park, cikin wani gini da ya saura daga babban baje kolin duniya na 1893. Nan ne aka ce wa yaro "taɓa" maimakon "kar ka taɓa". Ana sauka cikin ramin haƙar gawayin ƙasa da aka kwaikwaya, wanda ya tuna mini da Anu Araren da nake koyarwa a baki ban taɓa gani ba. Akwai jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, U-505, ɗungurungum, wanda sojan Amurka suka kama a 1944 a tekun da ke yammacin Afirka. Akwai kuma akwatin gilashi inda ƴan tsaki ke fasa ƙwai a gaban ido. Na yi dariya ganin manyan mutane sun yi cirko-cirko suna kallon abin da ke faruwa a kowane akurki na ƙauyenmu. Sai na tuna ban taɓa kawo ƙwai aji ba.

Malamai ƴan'uwana, ga wadda nake so ku sani. Sunanta Margaret Burroughs, malamar zane ce a wata makarantar sakandare ta unguwar baƙar fata. Ta ga littattafan da ake ba ɗalibanta ba su ce komai a kan kakanninsu ba. Ba ta jira ma'aikata ba. A 1961 ita da mijinta suka kwashe kujerun falon gidansu suka jera abin da suka tara, hotuna, takardu, sassaƙe-sassaƙe, suka buɗe ƙofa. Wannan falo shi ne ya zama DuSable Museum da ke Washington Park a yau. Gidan bai kai Field girma ko dukiya ba, awa biyu sun isa, amma shi ya fi tsaya mini a rai, don albashin malama ne tubalinsa na farko.

Sunan da ta ba gidan ma labari ne. Jean Baptiste Point du Sable baƙar fata ne mai jin Faransanci, ɗan kasuwa, wanda ya kafa gida da rumfar ciniki a bakin kogin tun kafin 1790, lokacin wurin fadama ce. Shi ake ɗauka a matsayin wanda ya kafa garin. An daɗe ana tsallake sunansa. Yau ga gunkin kansa kusa da gadar titin Mishigan, kuma a 2021 an sa wa babban titin bakin tafki sunansa. Ɗan Afirka da ke tafiya a garin yana sunkuyar da kai kamar ya shigo gidan mutane ba sallama, ya kamata a kai shi nan ya tsaya minti biyar.

Daga gadar ana sauka hanyar ƙafa ta bakin kogi, ba a biyan ko sisi. Kogin nan baya yake gudu. Asali cikin tafki yake zuba, da duk ƙazantar gari da ta mahauta, alhali daga tafkin ake ɗiban ruwan sha. Zazzaɓin taifot da kwalara suka yi ta kashe mutane. Sai aka haƙa wata hanyar ruwa mai tsawon kilomita 45, a watan Janairu na 1900 aka juya kogin ya fuskanci Misisipi. Mutanen Sen Luwis da ke ƙasa suka kai ƙara kotu don an turo musu datti, ba su yi nasara ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda rijiya da salga ke maƙwabtaka a unguwanninmu bayan ruwan Agusta zai gane wannan labari ba sai an fassara masa ba. Ana shiga jirgin ruwa a zagaya ana bayanin gine-gine, yana da daɗi, yana da tsada. Ƙafa ma tana kai mutum.

Abubuwa biyu da kowane baƙo ke ɗaukar hoto, ni ba su dame ni ba. Ƙatuwar ƙwayar waken nan ta ƙarfe mai sheƙi da ke Millennium Park, minti 10 sun isa, ka ga fuskarka ta karkace ka wuce. Benen Willis mai hawa 110 da tsayin mita 442, wanda ya yi sama da shekara 20 ba wanda ya fi shi tsawo a duniya, ana hawa na 103 a tsaya cikin akwatin gilashi ana kallon titi ƙarƙashin ƙafa. Na hau, gwiwata ta yi rawa, kuɗin ya tafi. Abin da ya fi amfani a gaya wa yaro shi ne injiniyan da ya tsara ƙashin ginin, Fazlur Rahman Khan, Musulmi ne haifaffen Daka a Bangaladash, wanda ya zo ƙasar a matsayin ɗalibi.

Ga masu cewa ba kuɗi: gidan namun daji na Lincoln Park kyauta ne kullum. Bakin tafki kyauta ne, da rairayinsa. Gidajen tarihi suna da ranakun da mazauna jihar Ilinoi ke shiga ba biya, kuma mai katin laburaren gari yana iya samun takardar shiga wasunsu kyauta. Ɗiyata ta shekara 6 a garin ba ta san wannan ba. Ban ga laifinta sosai ba: tana aikin dare, mijinta yana kan sitiyari tun asuba, ranar hutu barci suke nema. Amma katin minti 15 ya ɗauke mu a babban laburaren da ke titin State, wanda ke ɗauke da sunan Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin a 1983. Ƴan taku kaɗan daga nan, a titin dai, akwai masallacin Downtown Islamic Center, don haka azahar ba ta zama hujjar komawa gida ba. Wanda kuma yake da sha'awar ajami, ya hau jirgin ƙasa zuwa Evanston, arewa da gari. Laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern yana riƙe da takardun Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, sama da guda 3,000, na Larabci da na Hausa. Ana sanar da su kafin a je.

Sai abinci, wanda shi ne ainihin abin da ke tsare mutanenmu a ɗaki. Maganin tsoron nan titi ɗaya ne, Devon. A hau jan layin jirgin ƙasa zuwa tashar Loyola, a shiga bas mai lamba 155. Ana sauka hanci zai gaya wa mutum ya iso. Unguwar ƴan Pakistan da Indiya ce, shaguna a jere, mahauta a jere, kuma a tagogi da yawa an rubuta zabiha halal, wato yankan Musulmi. A Sabri Nihari na ci abin da suke kira nihari, naman ƙafar sa da aka bari kan wuta har ya narke, romonsa mai kauri, ana dangwala da gurasa mai zafi. Gurasar a tanderu ake manna ta kamar yadda ake yi a Kano, har sunan murhun nasu, tandur, ɗan'uwan namu ne. Khan BBQ gidan gashi ne, tsirensu na niƙaƙƙen nama ne ba ƙuli, hayaƙi har titi. Ɗalibi mai ƙaramin aljihu kuwa Ghareeb Nawaz ne gidansa: ba ado, ba jira, farantin shinkafa dafa-duka da suke kira biryani yana ƙosar da mutum biyu, ga direbobin taksi cike da wurin har tsakar dare. Gargaɗi ɗaya: in mai kawo abinci ya tambaya ko a sa yaji sosai, kar girman kan Bamaraɗe ya sa a ce e. Na ce e. Nonon da suke kaɗawa da sukari, lassi, shi ya cece ni.

Mai mota ya nufi Bridgeview, kudu maso yamma da gari, unguwar Falasɗinawa da ke kan titin Harlem, inda akwai babban masallaci da ake cika ranar Juma'a. A Al Bawadi ana kawo gasasshen naman rago da kaza a babban tire, iyali su kewaye shi, abin da ya fi kama da cin abincinmu ke nan a duk inda na je. A bi da kunafa, wani zaƙi mai cuku a ciki da ake ci da zafinsa.

Ranar da kewar gida ta kama ni, surukina ya ce: "Baba, yau Senegal za mu." Ya kai ni Yassa, a unguwar Bronzeville, tsohuwar cibiyar baƙar fatan garin. Shinkafa da kifi irin ta Senegal da muka sani a Yamai, miyar gyaɗa, gasasshen rago da albasa, ga zoɓo da lemun citta masu sanyi. Ba tuwon hatsi ba ne, ba miyar kuka ba ce, amma ciki ya gane ƴan'uwansa. A arewa kuma, kan titin Broadway a Uptown da Edgewater, akwai gidajen abincin Habasha irin su Demera da Ethiopian Diamond, inda ake shimfiɗa injera, wata faffaɗar waina mai tsami kamar sinasir, a zuba miya kala-kala a kai, a ci da hannu a tire ɗaya. In ba a tabbatar da yankan ba, a nemi na ganye da wake, suna da shi da yawa don masu azuminsu ba sa cin nama. A titin nan ne kuma ake samun shagunan kayan miyar Afirka, manja, garin rogo, busasshen kifi, kuɓewa.

Amma ban yarda mutum ya je garin mutane ya ƙi ɗanɗana nasu ba. Abin alfaharin Shikago piza ce mai zurfi kamar kasko, wadda aka fara a Pizzeria Uno a 1943: cuku a ƙasa, miyar tumatir a sama, sai an jira wajen minti 45 kafin ta gasu, yanka biyu sun kwantar da ƙato. Wadda aka fi saye da naman alade ake yin ta, kuma kalmomin da za a guje wa a takardar abinci su ne sausage da pepperoni da bacon da ham. A ce a kawo ta alayyahu ko ta cuku zalla, shi ke nan. Burodin nan mai tsiren nama a tsakiya da suke kira hot dog, na Shikago naman sa ne, ana sa masa mutar da albasa da tumatir da kokwamba mai tsami, kuma abin kunya ne a wurinsu a zuba masa kecap. Naman sa ne amma ba yankan Musulmi ba. Malamai sun yi saɓani kan yankan Ahlul Kitabi a irin waɗannan ƙasashe, kowa ya bi malaminsa, ni dai na bari sai da na sami na halal a Devon. A unguwar ƴan Meziko ta Pilsen, inda akwai gidan zane-zanensu da ake shiga kyauta, masara ce abin nema, ana shafa mata cuku da barkono da lemun tsami. Wakensu kuwa a tambaya, don sau da yawa da kitsen alade ake soya shi. Tambaya ba abin kunya ba ce a can. Garin cike yake da Yahudawa da ƴan Hindu da masu ƙin nama da masu ciwon da ke hana su gyaɗa, mai kawo abinci ya saba, ba zai ɗaga gira ba.

Abin da zai ɗaga masa gira shi ne a tashi ba a bar tukuici ba. Inda aka zauna aka kawo wa mutum abinci, ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan kuɗin, don da shi ma'aikacin ke cika albashinsa. Farashin da aka rubuta kuma ba shi ne ƙarshe ba, haraji yana hawa kai, sama da kashi 10 cikin 100. Na yi gardama da surukina kan wannan a ranar farko, ina ganin cuta ce, ya bar ni na gama sannan ya ce: "Baba, ni ma da tukuicin nan nake biyan haya." Ban sake magana ba. In abinci ya saura, a nemi kwali a tafi da shi gida, kowa haka yake yi, har masu kwat.

Kwana 12 suka rage mini bayan tambayar jikata, kuma ban sake shiga kanti ba sai sau ɗaya, na sayi gugguru na Garrett, mai haɗin zaƙi da cuku, wanda bai kai Istambul ba ma na cinye shi. Da aka koma lakwal a Oktoba na fitar da ƴan ajina fili, muka auna mita 11 da igiya, muka zana dabbar Gadufawa a ƙasa da toka, yara 9 suka kwanta a jere daga baki zuwa wutsiya ba su cika ta ba. Wani yaro da ubansa ke tuƙa babbar mota zuwa Agadas ya ce zai sa a tambayo masa hanyar wurin. Ɗiyata kuma ta aiko mini hoto a watan Disamba, su huɗu cikin manyan riguna gaban zakunan Tsavo, ranar shiga kyauta. Ƙanena dai har yau bai yafe mini takalmin ba.